Masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi: shin duk kanwar ja ce?

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato, za ka ji ana cewa a wurin hira, ai Republican da Democrat duk kanwar ja ce. Masu faɗin haka suna da hujja. A shekarar 2002, sanatoci 77 suka ba George Bush ikon yaƙar Iraƙi, cikinsu har da Joe Biden da Hillary Clinton, waɗanda ake kira masu sassaucin ra'ayi. Gwamnatin Obama ce ta ƙulla yarjejeniyar ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 38 a 2016. Harajin da Trump ya ɗora wa kayan China a 2018, Biden bai cire shi ba. A kan yaƙi da gogayyar manyan ƙasashe, bakinsu yakan zo ɗaya.

Amma da an dawo cikin gida, sai hanya ta rabu. Mai ra'ayin riƙau, wato galibi ɗan Republican, yana son gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwa, ta rage haraji, ta kare al'adar da aka gada. Mai sassaucin ra'ayi, wato galibi ɗan Democrat, yana son ta tallafa wa marasa ƙarfi, ta kuma ƙyale mutum da zaɓin rayuwarsa. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba. Ita ce ta hana kamfanin inshora ya kori mai ciwon suga don kawai ya zo da ciwonsa. A 2022 kuma, alƙalai uku da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar.

Wannan saɓani yana isowa gare mu har Afirka. A 1984 Shugaba Reagan ya hana kuɗin agajin Amurka ga ƙungiyoyin waje masu ba da shawarar zubar da ciki. Bill Clinton da Obama da Biden sun soke umarnin, Bush da Trump sun dawo da shi. Sa hannun mutum ɗaya a Washington na iya sa a rufe ɗakin shan magani a wani ƙauye, ko a buɗe shi.

Saboda haka bambancin na gaskiya ne, sai dai bai game ko'ina ba. Wanda ke son sanin inda yake, ya bar sauraren kirarin kamfe, ya duba dokar da aka kafa, da alƙalin da aka naɗa, da inda kuɗin kasafi suka tafi.