Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Mutanen Kyuba Suka Yi Da Taki Ya Yanke Musu

Wani mai sauraronmu, manomi, ya aiko da wasiƙa yana kukan tsadar taki. Ya ce wai shin akwai ƙasar da takin zamani ya taɓa yanke mata, amma ta ci gaba da noma?

To malam, akwai. Ƙasar kuwa ita ce Kyuba, wani tsibiri da ke kudu da jihar Fulorida ta Amurka. Shekara da shekaru Kyuba tana sayar wa Tarayyar Sobiyet sukari, ita kuma tana aiko mata da mai, da taki, da maganin ƙwari, da alkama cikin rahusa. Da Tarayyar ta rushe a 1991, sai hanyar nan ta toshe, ga kuma takunkumin cinikin da Amurka ta sa mata. Taraktoci suka tsaya cik don rashin mai, abinci ya yi wuya ƙwarai.

Da wuya ta yi wuya, sai mutanen birni, musamman Habana, suka faɗa wa duk wani fili da ke zaune banza. Inda ƙasar ba ta da kyau, sai su kewaye dogayen fangali da bulo ko duwatsu, su cika da ƙasa gauraye da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, su shuka latas, tumatir, albasa da kabeji. Suka riƙa kiwon tana don ta mai da shara taki. A ƙauyuka kuma aka koma ga garmar shanu. Cikin abubuwan da suka kori ƙwari da su har da dogon yaro, wanda ka sani sarai.

Gwamnatin Fidel Kastro ita ma ta sassauta. A 1993 ta rarraba manyan gonakinta ga ƙungiyoyin ma'aikatan gona, a 1994 kuma ta buɗe kasuwannin da manomi zai sayar da rarar amfaninsa. Ka ga ke nan wanda ya yi gumi ya ga riba.

Amma fa kada a ruɗe ka. Lambu ya ba su kayan miya, bai ba su hatsi ba. Shinkafa da alkama sai da suka ci gaba da sayowa daga waje.

Saboda haka, malam, ga abin ɗauka. Lambun haɗin gwiwa ba zai cika maka rumbu ba, amma zai rage cefane, ya bar maka kuɗin sayen hatsi. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku nemi fili kusa da rijiya ko fadama, ku tara taki tun kaka. Kafin a sa fartanya, ku yi magana a gaban mai unguwa kan wanda zai yi ban ruwa da yadda za a raba amfani, don nan ne rigima kan taso.

Allah ya ba da sa'a. Sai mun ji daga gare ku.