Burukutu: Sana'ar Gado a Hannun Matan Kudancin Kaduna

A Faransa ko Italiya, iyali ɗaya kan riƙe gonar inabi da rumbun giya tun daga kakanni, da sunan gidan a jikin kwalba. Jihar Kaduna ma tana noman inabi, a Kudan kusa da Zariya, amma na ci ne, kasuwar 'ya'yan itace ake kai shi. Mai neman irin waccan sana'ar ta gado a jihar sai ya gangara kudu, wajen Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi. Can gonar ta dawa ce, abin shan burukutu, ragamar kasuwancin kuwa a hannun mata take, uwa ta koya wa 'ya.

Aikin kan ci kusan mako guda. Za a jiƙa jar dawa ta kwana, a shimfiɗa a inuwa a lulluɓe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa har ta tsiro. Wannan tsiron shi ne asirin, domin shi ke mayar da garin ƙwayar ya zama zaƙi. Daga nan a shanya, a kai inji, a dama, a ɗora a manyan tukwane ko rabin duro. Sa'o'i ake yi ana tafasawa, mace na tsaye cikin hayaƙi da doguwar muciya, yara na turo itace. A sauke a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba ɗan ragowar na baya domin ya tashi. Kwana ɗaya ko biyu, randa ta fara kumfa tana ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano.

Giyar inabi tana ƙara daraja in ta daɗe a ajiye. Burukutu ba ya jira: bayan 'yan kwanaki ya tsamame, ba mai saye. Shi ya sa ba kwalba, ba tambari, ba dillali mai kai shi Legas. A ƙwarya ake sha, a tsakar gidan da aka dafa, kuma sunan mai gidan shi ne tallarsa.

Ko dusar ba a zubarwa. Aladu ake ba, su kuma a ƙarshe su nufi kasuwar Katsit da ke ci ranar Alhamis a gefen Kafanchan, wadda 'yan kasuwa ke zuwa tun daga kudancin ƙasar. Gidaje da dama daga nan kuɗin makaranta ke fitowa.

Kafin burukutu ya zama haja, abin al'ada ne. Ƙabilun yankin irin su Atyap da Bajju da Ham da Agworok sun san shi a wajen gayya, da biyan sadaki, da makoki. Isowar jirgin ƙasa Kafanchan a shekarun 1920 ta tara ma'aikata masu albashi daga ko'ina, tukunyar biki ta koma ta kasuwa. A daidai wannan zamani 'yan mishan na SIM suna yaɗuwa a yankin, kuma cocin ECWA da ya fito daga cikinsu a 1954 bai yarda da shan giya ba. Musulmin yankin dama haramun ne a gare su. Ke nan daga masallaci da coci duka sana'ar ke shan suka, likitoci kuma na ƙorafi kan tsabtar ruwa da tsofaffin durorin da ake dahuwa a ciki. Ƙorafin nasu ba na banza ba ne.

Abin dariyar shi ne, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya, har da Nigerian Breweries mai masana'anta a Kakuri cikin Kaduna, dawar nan suka koma wa. Yau matan na gogayya da su wajen sayen buhu a kasuwa, ga tsadar itace, ga ƙananan ledojin barasa masu arha da suka janye samari da yawa daga ƙwarya.