Wiwin da aka noma a ruwa: amsa ga saƙon da ke yawo a Black Market

Sau huɗu saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda, duk daga 'yan uwanmu masu rumfunan waya a Black Market ta Adjamé da masu gyara a Treichville, a nan Abijan. Muryar wani ce da bai faɗi sunansa ba, yana magana a natse kamar mai wa'azi. Wai akwai wata tabar wiwi da Turawa ke nomawa a cikin ruwa, babu ƙasa babu taki. Wai reshe ake yankowa daga uwa guda a dasa, don haka ba ta ruɓewa, ba ta ɗaukar cuta, ba a fesa mata magani, kuma saboda wannan tsafta ba ta taɓa ƙwaƙwalwa irin yadda ta daji ke yi. Ya ƙara da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta ta, likitoci ma suna ba masu farfaɗiya.

Biyun ƙarshe ba sa buƙatar dogon bayani. A Disamban 2020 hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, amma ta bar ta cikin abubuwan da ake sa wa takunkumi, kuma a nan Kwaddebuwa dokar 2022 ba ta halatta nomanta ko sayar da ita ba. Maganin farfaɗiyar da Amurka ta amince da shi a 2018 kuwa ruwan magani ne na sinadarin CBD wanda ba ya bugarwa, ana auna shi ga masu wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Babu likitan da ya ce a naɗe ganye a zuƙa.

Maganar tsaftar ita ce ta hana ni barci, domin ita ce na ji wani yaro mai koyon gyaran waya, wanda bai kai shekara ashirin ba, yana maimaita wa abokinsa a tashar motocin haya na gbaka kamar karatun da ya haddace.

A cikinta akwai gaskiya ɗan kaɗan, shi ya sa take shiga kunne. Ana noma ba tare da ƙasa ba, latas da tumatir ma ana yin su haka. Dashen reshe kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya taɓa dasa itacen rogo ko rake ya san shi. Amma manomin rogo ya san wani abu da mai saƙon ya ɓoye: idan uwar na da cuta, duk abin da aka yanko daga jikinta da cutar zai tashi. Bakin yankan rauni ne a buɗe. Ga ruwa mai ɗumi da ke zagayawa daga saiwar wannan zuwa ta waccan, ga ɗaki a rufe cike da laima. Babu inda ƙwayoyin ruɓa irin su Pythium da Fusarium ke jin daɗi kamar nan, saiwa ta yi laushi, gindin kara ya baƙanta, shuka ta kwanta. Ruɓewar kara da saiwa na cikin manyan abubuwan da ke addabar masu irin wannan noma, kuma wanda ya zuba dukiyarsa a ɗakin ba zai zuba ido ya yi asara ba. Magani zai nemo.

A Kanada, tsakanin ƙarshen 2016 da farkon 2017, an janye wiwin da wasu kamfanoni masu lasisin gwamnati suka sayar wa marasa lafiya, bayan an gano maganin fumfuna mai suna myclobutanil a jikinta, wanda idan ya ƙone yake fitar da iskar sayanayid mai guba. Wannan a inda ake da lasisi da masu bincike ke nan. To wa ya duba wadda aka ƙulla a leda aka miƙa wa yaro a lungu? Ko ba a fesa komai ba, fumfunar Aspergillus kan zauna a busasshen ganye, kuma tana yi wa huhun mai raunin garkuwar jiki mummunar illa.

Sai batun ƙwaƙwalwa, inda mai saƙon ya juya gaskiya kanta a ƙasa. Dalilin yankan reshe shi ne a riƙe uwar da ta fi kowace ƙarfin bugarwa, a yi ta maimaita ta. A Amurka, sinadarin THC mai bugarwa da ke cikin wiwin da hukuma ke kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Brazil: masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Binciken bai ce duk mai sha zai zauce ba, ni ma ban ce ba. Abin da ya nuna a fili shi ne haɗarin yana bin ƙarfin ganyen da yawan sha, wato daidai abin da ake yi wa talla da sunan tsafta.

Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke cikin ledar shi ne aka faɗa? Kush ɗin da ya sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a Saliyo a Afrilun 2024 shi ma ganye ne a ido, sai da aka kai shi ɗakin gwaji aka ga sinadaran wiwi na haɗi da nitazene, dangin hiroyin masu kisa da ɗan kaɗan. Mu a Abijan ba mu manta da Kadhafi ba, haɗin tiramadol da giyar gwangwani da ya kwantar da samari a 2023.

Ba na ganin laifin yaran da suka yarda. Mutum ya wuni tsugune kan allon waya da ƙarfen narka dalma, nesa da iyayensa da ke Maraɗi ko Dogonduci, sai ga murya mai daɗi ta ce akwai hutu marar illa. Wani dattijo cikin waɗanda suka turo mini saƙon ma da kyakkyawar niyya ya yi, tambaya yake. Haushina yana kan wanda ya naɗi muryar, domin ya san sunan kowane abu, ya zaɓi wanda zai faɗa da wanda zai haɗiye, kuma irin wannan zaɓi na mai haja ne.

Na kira dattijon na ce masa, Alhaji, don Allah a goge shi daga zauren 'yan kasuwa, kuma a sa ido kan yaran shago. Wanda ya daina barci, ya fara zargin ana bin sa ko ana maganarsa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kada a tsaya ana cewa iska ce ko sammu har wata ya wuce. Cibiyar Croix Bleue tana nan Williamsville kusa da mu, asibitin masu taɓin hankali kuma yana Bingerville. Ya ce akwai wani yaro a layinsu da zai fara kaiwa ranar Litinin.