Idan Zuciya Ta Tsaya, Kada Hannu Ya Huta

Ke mai juna biyu, da kai maigida, da sauran 'yan uwa, wannan bayani naku ne. Tsayawar zuciya ba ta yawan samun masu ciki, amma zubar jini mai yawa, jijjiga, ko cutar da ta shiga jini bayan haihuwa na iya jawo ta. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa take fara lalacewa saboda rashin jini. Tafiya daga Bodinga ko Shagari zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta wuce wannan lokaci nesa ba kusa ba. Saboda haka taimakon farko yana hannun wanda ke kusa.

Yaya za ku gane?

Idan ta faɗi, an kira ta ba ta amsa ba, kuma ba ta numfashi ko tana wani irin gurnani jefi-jefi, ku ɗauka zuciya ta tsaya. A tura wani nan take ya kira ma'aikacin lafiya, ya nemo mota.

Abin da za ku yi

A kwantar da ita rigingine a ƙasa mai tauri, ban da katifa. Ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirjinta, ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Idan ciki ya kai cibiya, mutum na biyu ya tura shi da hannu zuwa hagunta, don kada nauyinsa ya danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya.

Me ya sa ba a tsayawa?

Dannawar ce ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da ita zuciyar kanta. Da an ɗaga hannu, ƙarfin jinin sai ya faɗi, kuma sai an yi danne-danne da yawa kafin ya dawo. A asibiti akwai na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki domin daidaita bugunta. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa idan an daɗe da tsayar da dannawa kafin a yi girgizar, an fi samun gazawarta. Shi ya sa likitoci ba sa bari hutun ya wuce daƙiƙa 10. Ana amfani da wannan na'ura ga mai ciki kamar kowa.

Kada a tsaya yayyafa ruwa, ko fifita, ko ɗura mata wani abu a baki. Idan kun kai biyu, ku riƙa karɓar juna duk bayan minti 2, ba tare da jinkiri ba. A ci gaba har ta motsa ko ma'aikatan lafiya su karɓa.

Ranar awo, ku roƙi ungozoma ta nuna muku yadda ake dannawar. Allah ya sauke ku lafiya.