Ɗaliban da suka koma gida da kunnen sauraro

Ɗan kasuwa in ya bugo waya gida, tambayarsa ba ta wuce uku: an ci, an sha, kuɗin sun iso? Da wuya ka ji ya ce, "Yaron nan yana samun barci kuwa?" To a ƙauyukan Hausawa na Jazira da Bulu Nayil a Sudan, tambayar nan ta huɗu ta zama dole.

Dubi abin da ya bi ta kan mutanen nan. A Yulin 2022 rikicin ƙasa ya ci rayuka a Damazin da Rusairis, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, a Disamba dakarun RSF suka shiga Wad Madani, sojoji ba su ƙwato garin ba sai Janairun 2025. Karatu ya tsaya a Jami'ar Jazira, ɗalibai suka watse.

Wasunsu ba su koma hannu rabbana ba. Tsangayar likitanci ta jami'ar, wadda aka kafa a 1975, ta yi suna wajen tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da jama'a su koyi aiki. Wanda ya sha wannan horo ya san firgita cikin dare, da shirun da ba dalili, da saurin fushi, ciwo ne mai magani. Matasa da yawa, ciki har da ɗalibai, sun shiga ɗakunan agajin gaggawa na sa kai, masu dafa abincin takaya. Sudanawa na kiran irin wannan aiki nafir, mu gayya muke cewa. Ban da tukunya, akwai zaman sauraron mata da yara da suka ga abin da baki ba ya iya faɗa. A 2025 waɗannan ɗakuna suka samu lambar yabo ta Rafto daga Norwe, da ta Right Livelihood daga Suwidin.

Yabon Turai ba laifi, amma ni na gida nake jira. Ɗalibar da ta ce wa kawunta, "Kawu, a kai Inna asibiti, damuwa ce ke cinta," sau da yawa abin da za ta ji shi ne, "Ke, boko ya ɗauke miki kunya? Hauka kike jingina wa uwarki?" Ai dole yarinya ta ja bakinta.

Kuma ba faɗa take da malamai ba. Dakta Tijjani al-Mahi, wanda asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina masu ruƙiyya ba. Ya yi nazarin zar, ɗan'uwan borinmu, ya kuma nemi likita da malami su san aikin juna. Ya rasu a 1970, shekara biyar kafin a kafa jami'ar da waɗannan yara suka fito.