Makomar Batirin Motar Lantarki

Mutane da yawa suna zaton motar da ke tafiya da lantarki sabuwar aba ce ta wannan zamani, alhali kuwa tun kafin Henry Ford ya fara cika titunan Amurka da motarsa mai shan fetur a shekarar 1908, akwai motocin haya masu lantarki suna kai da komo a birnin New York, kuma abin da ya kayar da su a wancan lokaci shi ne abin da masana ke fama da shi har wa yau, wato batir. Na wancan zamani na dalma ne, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, wanda har gobe shi ke tayar da injin motocinmu. Ga nauyin tsiya, ga ƙarancin wuta.

Al'amarin bai sauya ba sai da Allah ya hore wa malamai uku fahimtar wani ma'adini mai suna litiyam, wanda ya fi dukkan ƙarafa rashin nauyi. Stanley Whittingham ya aza harsashi a shekarun 1970, John Goodenough ya ɗora a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya kammala a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, sa'an nan aka haɗa su ukun aka ba su lambar Nobel a 2019, lokacin Goodenough yana da shekara 97. Hikimar abin kuwa ita ce, batir yana da ɓangare biyu da wani ruwa a tsakaninsu, idan ana caji sai ƙwayoyin litiyam su ƙetara ruwan su tare a ɓangare guda, idan mota ta kama hanya sai su komo inda suka fito, kamar 'yan ci-rani masu tafiya da kaka su dawo da damina, kuma wannan komowar ita ke haifar da wutar da ke juya ƙafafun mota.

To, duk da wannan nasara, kilo guda na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo guda na batir mafi inganci kusan sau arba'in, ko da yake injin fetur yana hasarar galibin ƙarfin nan a zafi da hayaƙi. Shi ya sa batirin mota guda yakan kai nauyin kilo ɗari uku zuwa ɗari shida. Inda aka ci riba ƙwarai shi ne wajen farashi, gama a 2010 kuɗin batir kan kowane ma'aunin wuta na kilowat-awa guda ya haura dala 1,000, amma a 2024 ya sauko wajen dala 115, kuma a shekarar ta 2024 aka sayar da motocin lantarki kimanin miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace biyar.

Babbar mas'ala ta ma'adinai ce. Batirin da Turai da Amurka suka saba da shi yana bukatar kobalt da nikel, shi kuwa kobalt kusan kashi saba'in cikin ɗari daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake samo shi, musamman yankin Kolwezi, inda baya ga manyan kamfanoni akwai dubban talakawa, har da yara, da ke shiga ramuka da diga da shebur domin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tsadar kobalt da wannan abin kunya suka sa aka waiwayi wani nau'i da aka daɗe ana rainawa, wanda ɗakin binciken Goodenough ɗin nan ya gano tun shekarun 1990, ana haɗa shi da litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, dangin wanda ke cikin takin zamani, ana taƙaita sunansa da LFP. Aibinsa guda ne, wutar da yake ɗauka ba ta kai ta mai kobalt ba. Fa'idojinsa kuwa suna da yawa, domin ya fi araha, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma yana jure caji sau dubbai kafin ya tsufa. Kamfanonin Sin, CATL da BYD, su suka rungume shi lokacin da wasu ke yi masa kallon kayan talaka, suka gyara yadda ake jera shi domin ya rage cin wuri, har ta kai ga Tesla ma ta sa shi a ƙananan motocinta, kuma ya zuwa 2024 ya cinye kusan rabin kasuwar duniya. A ganina nan ne alƙiblar take, gama tijara ba ta bin abin da ya fi burgewa a baje-koli matuƙar akwai wanda aljihun jama'a zai iya ɗauka.

A kan wannan ƙiyasi aka taka zuwa ga sodiyam, ma'adinin da ke cikin gishirin miya da kanwa, wanda teku ke cike da shi kuma babu ƙasar da za ta iya riƙe wa wata shi. CATL ta bayyana nata batirin na sodiyam a 2021, aka fara sa shi a ƙananan motoci a Sin wajen ƙarshen 2023. Ya fi na litiyam nauyi, ya kuma fi shi jure sanyi, amma sai ga farashin litiyam da ya yi tashin gwauron zabo a 2022 ya faɗo warwas, aka rage ɗokinsa. Mai yiwuwa gurbinsa na gaskiya shi ne babura da ƙananan motocin cikin gari da ajiyar wutar sola.

Wanda jaridu suka fi kwarzantawa shi ne batir maras ruwa, wanda a cikinsa ake maye gurbin ruwan nan mai kamawa da wuta da wani sandararren abu dangin tangaran, bisa fatan a sami nisan zango da saurin caji da aminci gaba ɗaya. Toyota ta ɗauki alkawarin fito da shi tsakanin 2027 da 2028, Samsung SDI ta ambaci 2027, amma an sha ɗage wa'adin wannan alkawari, saboda siraran tsinkayen litiyam da ke tsirowa su huda shingen, da kuma wuyar ƙera miliyoyi ba tare da aibi ba. Zai zo, in Allah ya yarda, sai dai a motocin masu hannu da shuni zai fara sauka, ya daɗe a can.

Haka nan batun saurin caji. A watan Maris na 2025 BYD ta nuna na'urar da ke zuba kilowat 1,000, tana ba mota tafiyar kilomita 400 cikin minti biyar. Amma mai hankali ya yi lissafi, motoci dubu biyar kacal, idan suka jona a lokaci guda, sun shanye kusan duk wutar da Nijeriya ke rabawa a layinta na ƙasa. Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne musayar batir, yadda kamfanonin Spiro da Ampersand ke yi wa masu babura a Benin da Togo da Ruwanda da Kenya: ɗan acaɓa ya miƙa wanda ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wuta kawai, ya koma neman fasinja. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu direban A Daidaita Sahu da ke bukatar a yi masa sharhin fa'idar wannan.

Sai dai a yi hattara da zafi, domin shi ne babban maƙiyin batir, kuma wanda aka ƙera domin sanyin Norway ba lalle ya yi tsawon rai a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas ba, inda ma'auni ke haura digiri 40. Duk mai niyyar sayen motar lantarki 'yar Kwatano, ya fara binciken lafiyar batirinta da nau'insa kafin ya dubi fenti, gama batirin shi ne mafi tsada a jikinta.

Daga ƙarshe, dutsen litiyam ɗin nan yana ƙarƙashin ƙasarmu, a Nasarawa da Kaduna da Kwara da Kogi, an ma buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa a 2024, ko da yake har yanzu ana loda shi a buhuna a fita da shi ɗanye. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, masana'antu suka biyo ta gida. Zimbabwe ta yi haka da litiyam a 2022. Wajibi ne hukumominmu su hana a kwashe wannan dutse sai an tace shi a gida, su fitar da yara daga ramukan haƙarsa, su kuma buɗe sashen koyar da gyaran batir da sake sarrafa matattunsa a kwalejojin fasaha tun kafin motocin su cika tituna.