Shanu marasa tozo a jikin duwatsun Birnin Kudu

A birnin Paris akwai gidan tarihi na Louvre, wanda aka buɗe wa jama'a a 1793. Mutane kan ƙetare teku su tsaya a layi don kallon zanen Mona Lisa ta bayan gilashi. Mutumin Yalwan Damai da ke yankin Birnin Kudu kuwa, in yana son ganin aikin magabatan masu zane, mota ɗaya ta kai shi. A Birnin Kudu, cikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen da mutanen dā suka bari a jikin dutse. A shekarun 1950 Bature Bernard Fagg, na ma'aikatar kayan tarihi, ya yi nazarinsu ya sanar da duniya, daga baya aka sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Yau Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da su.

Akasarin zanen na shanu ne, da jan launi. Kada mai kallo ya yi gaggawa. Ya dubi bayan saniyar da kyau: ga dogayen ƙahoni, ga jiki miƙaƙƙe, amma tozo babu. Duk Bafulatanin da aka nuna wa zai yi turus, domin bunaji da rahajin da ke kiwo a ƙasar nan yanzu duk masu tozo ne. Ba mantuwa mai zanen ya yi ba, abin da idonsa ya saba gani ya zana. Shanu marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma, kuma har gobe akwai danginsu, irin su kuri na Tafkin Chadi da muturu na kudanci. Ashe dutsen nan shaida ne cewa garken ƙasar ya taɓa sauya kama.

A wurin akwai kuma duwatsu masu amo, waɗanda in aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Yawan bugu ya bar ramuka masu santsi a jikinsu. Fagg ya ruwaito cewa wurin na da alaƙa da al'adun aure, amare kan je gabanin biki.

Abin da ya fi damuna shi ne raunin zanen. Hayaƙi na dusar da shi, gumin hannu na cin launinsa, rubutun gawayi na ɓata shi, haka ma watsa masa ruwa don hoto ya fito. Faransawa sun rufe kogon Lascaux a 1963 saboda numfashin baƙi kawai ya fara lalata zanensa, suka gina kwaikwayonsa a kusa aka buɗe a 1983. Namu kuwa ga shi a zamanin da ake fasa duwatsu ana sayar da tsakuwa tifa-tifa.